Tsohuwa Ba Ta Kuka a Hannuna

Wata a cikinku ta rubuto a ƙasan kashin labarin nan da ya wuce, wai me ya kai tsoho cikin maganar nono. Ba ni na kai kaina ba, 'yar nan. Gida ne babu babbar mace a cikinsa. In bututu ya fashe a tsakar gidanka, ba ka tsayawa tambayar aikin wane ne.

Ga wanda yau ya fara karantawa: ni mai gyaran famfo ne. Na ɗora tanki a kan rufin gidaje fiye da yadda zan iya tunawa. Yanzu gwiwa ta ƙi, sai ɗan shago a ƙofar gida, ina gyaran injin jan ruwa. Matata ta rasu 'yata Auta tana cikin zanen goyo. Ni na raine ta da madarar gwangwani, cokali a shafe, ruwa daidai layin kwalba, lokaci daidai agogo. Ta girma, ta kawo mini mai aski ta ce shi take so. Ban so ba. Mutumin da sana'arsa surutu a kan kawunan mutane, ga shi ya kama ɗaki a saman bene inda ruwa ba ya hawa. Amma na ba shi.

Da haihuwa ta zo sai da aka yi mata aiki. Mai ɗinki a ciki ba ta hawa bene da bokiti, don haka daga asibiti gidana na kawo ta. Mace ta haifa. Suka mayar mata da sunan marigayiya, shi ya sa ba mai kama sunan a gabana. Auta tana ce mata Ummi. Ni Tsohuwa nake ce mata.

Tsohuwa ta zo duniya da baki. Ta kama nono, ta saki, ta yi kuka, ta sake kamawa. Auta tana zaune a bakin gado cikin doguwar riga ruwan toka da ta kwana biyu a jikinta, ɗankwali ya zame, idanu sun faɗa. Filo a baya, filo a cinya, kofin shayi ya huce a ƙasa ba ta taɓa ba. Wayarta kuwa ba ta hutawa. Matan dangi sun buɗe mata makaranta a guruf: sha wannan, jiƙa wancan, kada ki kwanta ta hagu, wance ma haka ta yi har yaron ya rame. Ta karanta, ta share hawaye da bakin ɗankwali.

"Baba, anya tana samun wani abu kuwa? Ba na ganin komai."

Maganar ta tsaya mini. Kwalba kana ganin layi. Wannan kuwa ba layi, ba ma'auni.

Sai na zauna a shago na yi tunani irin na sana'ata. Duk gidan da aka kira ni wai ruwa ba ƙarfi, abin da nake tararwa ɗaya ne: yara suna buɗe famfo kowane lokaci, tanki bai taɓa samun cika ba. Maganinsa a rufe, a bar shi ya taru. In an buɗe sai ya zo da ƙarfi. Na ce to, ai shi ke nan.

Na shiga ɗaki na kafa doka.

"Kawo wayar nan."

"Baba..."

"Kawo. Kawo yarinyar kuma. Ki kwanta. Ba za ta sha ba sai ya taru."

Auta ba ta taɓa yi mini musu ba. Ta miƙo duka biyun.

A shago akwai wani ƙaramin inji da nake gwaji da shi, yana jan ruwa daga wannan duro zuwa wancan. Ƙararsa ba ta da yawa, gunji ne ƙasa-ƙasa. Na wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, na shimfiɗa tawul a kafaɗa, na ɗora Tsohuwa, na kunna injin. Na sa mata ɗan yatsana a baki. Ta tsotsa, ta tsotsa, gunjin ya ɗauke ta. Barci.

Ku da ba ku taɓa riƙe jariri ya yi shiru a hannunku ba, ba za ku gane ba. Na ji kaina ya yi girma. Masu kawo gyara suna leƙowa, "Mai Famfo, ka koma raino?" In ce, "Ku rage murya, uwargida tana barci." Auta ta samu barci, fuskarta ta ɗan dawo. In ta leƙo ta labule ta ce, "Baba, ƙirjina ya yi nauyi, ko in karɓe ta?" sai in ce, "Kin gani? Yana taruwa. Koma. Ban kira ki ba."

Haka muka yi kwanaki. Tsohuwa ta daina kuka kusan gaba ɗaya. Ni kuwa ina cewa a raina, abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Sai nauyin ƙirjin ya daina zuwa.

Wata safiya na tarar da Auta ta juya wa ƙofa baya, kafaɗunta suna rawa.

"Ya tafi, Baba. Da yana cika har ya jiƙa riga. Yanzu laushi kawai. Ita kuma ko na sa mata, ja biyu sai barci."

"Ki ƙara haƙuri. A ƙara masa lokaci."

Na ƙara masa lokaci.

Ranar da Hajiya ta zo, wato uwar mai aski, tun daga bakin titi na ji turarenta. Leshi ruwan goro, mayafi mai duwatsu, zobe a yatsu uku, jaka a hammata. Ɗanta yana biye da ita da ledar lemo, kansa a ƙasa. Muka gaisa irin gaisuwar surukai, kowa yana duban gefe. Ta shige ɗaki. Ni ina tsakar gida, amma bangon gidana ba shi da kauri.

"Miƙo mini kishiyar tawa in gani. Kai! Wannan ai kamar an ɗauki mayafi. Ina cinyar? Ke, me kike ba ta?"

"Nono, Hajiya."

"Wane nonon? Matso in gani. Hm. 'Yar nan, ba a raino da fata. Wasu matan haka Allah ya yi su, ba laifinki ba ne. An ce ke ma da gwangwani aka raine ki, to, abin a jini yake."

Na miƙe tsaye. Uwar Auta ba rashin nono ya hana ta shayarwa ba, ƙasa ce ta rufe ta. Amma ba a shiga maganar mata. Na koma na zauna.

Hajiya ta fito tana gyara mayafi, ta tsaya a gabana.

"Malam, ni ba na ɓoye-ɓoye. Ranar awo za a ɗora ta a sikeli. In ba ta ƙaru ba, zan tafi da jikata gidana. Ina da madara, ina da masu taya ni. Ita uwar ta zauna ta yi jinyar ɗinkinta, in ta warke ta biyo baya. Ba zan zuba ido yarinya ta narke ba."

Na dubi mai aski. Ko tari bai yi ba. Yana murza makullin shagonsa a hannu. Na ce a raina, ga irinta nan. A shago bakinsa ba ya rufuwa, a gaban uwarsa ya zama bango.

Auta ta ji komai. Ba ta yi kuka ba ranar. Ta rungume Tsohuwa ta ƙura wa bango ido, har na zo na karɓe ta, don lokacin shago ya yi.

Wayar Auta tana aljihun rigata tun ranar da na karɓa. Da la'asar ta yi ƙara. Na ciro don in kashe, babban yatsana ya danna inda ba a so. Sai muryar mai aski ta fito.

"Ranki ya daɗe, na san wayar ba ta hannunki, amma wata rana za ki ji. Yau na yi wa wani aski na bar masa rabin gemu, sai da ya tuna mini. Hankalina yana wurinki. Kada ki ɗauki maganar Hajiya ki sa a rai, tsoro ne yake sa ta faɗa. Ko da nono ko babu, ke ce uwar Ummi, ba wanda na sani sai ke. Na rasa yadda zan yi ne. Can uwata, nan Baba, ni kuma a tsakiya kamar kai a hannun ɗan koyo. Ki ci abinci, don Allah. Na ajiye miki lemon a bayan ƙofa, masu zaƙin na zaɓa."

Na daɗe riƙe da wayar. Akwai irin wannan saƙon a jere, sun fi yatsun hannuna, ba wanda aka buɗe. Ban saurari sauran ba. Ni ba ɓarawon magana ba ne. Na mayar aljihu.

Ranar awo mai aski ya aro motar abokinsa. Na sa farar rigata mai aljihu biyu da hular da nake zuwa ɗaurin aure da ita. Auta ta sa baƙin hijabi, tana tafiya a hankali, hannu ɗaya a kan ɗinki. Hajiya ta ce ita ba ta iya layin asibiti, za ta jira mu a gidana. Da motarta.

Benci cike da mata da jarirai, kowane yana tsala kuka. Tawa kaɗai ce shiru. Har na ɗan ɗaga kafaɗa.

Nas ɗin ba yarinya ba ce, akwai furfura a gefen hularta, ga alamar ta gaji tun safe. Ta tuɓe Tsohuwa ta ɗora a sikeli. Ta dubi allurar sikelin, ta dubi kati, ta sake duban allura. Ta taɓa tsakar kan yarinyar, ta buɗe bakinta, ta duba kunzugun.

"Tun yaushe wannan yake jikinta?"

"Tun asuba," in ji Auta.

"A bushe yake. Sau nawa take sha a yini?"

Auta ta dube ni. Sai na amsa, don ni na san lissafin.

"Da safe. Da azahar. Da magariba. Sai kuma in an kwanta. Tsakani tana wurina, ba ta kuka ko kaɗan."

"Tana wurinka tana me, Baba?"

"Barci. Na hana a riƙa buɗewa kowane lokaci. Sai ya taru tukuna."

Na yi mata bayanin tanki. Na yi shi da kyau, har da hannu. Ta bar ni na gama. Sannan ta ajiye biro, ta murza idanunta.

"Baba, ba tanki ba ne. Abin da yaro ya cire, shi jiki yake mayarwa. In an bar shi a cike, jiki sai ya ɗauka ba a bukata, ya rage. Tsotson nan da kake hanawa, shi ne yake kiran nonon." Ta nuna Tsohuwa. "Shirun nan kuma ba ƙoshi ba ne. Ƙarfin kukan ne ya ragu."

Ban san abin da fuskata ta yi ba. Na dai ji hular ta yi mini nauyi.

Na san rijiya. Wadda ake ja kullum idonta a buɗe yake, wadda aka rufe aka bari ita take cushewa. Na san wannan tun ina saurayi. Ban kawo shi a raina ba ko sau ɗaya, don ni mutumin tanki ne.

Nas ta juya ga Auta, ta sa ta zauna, ta gyara mata riƙo, ta tura kan yarinyar har bakin ya cika. Ta shafa tafin ƙafarta don kada ta yi barci.

"Nononki bai tafi ba, ya yi fushi ne. Daga yau tana jikinki, fata da fata. Ta motsa baki, ki ba ta. Ba ta motsa ba, ki tashe ta ki ba ta, dare da rana. Ki lura da kunzugu, jiƙewarsa ita ce shaidarki. In ta ƙi kamawa ko jikinta ya saki, kada ku jira, ku taho. In ba haka ba ku dawo mini jibi. In sikeli bai motsa ba za mu ƙara mata da madara, ni zan nuna miki yadda za a yi, kuma ba abin kunya ba ne. Amma a hannunki za a yi, tana shan naki. Kada a raba ku."

Muka hau mota muka kama hanyar gida. Auta tana baya, yarinyar a cikin hijabi. Ta madubi na ga ba ta dubana. Mai aski yana tuƙi kamar ya ɗauko ƙwai.

Hajiya tana tsakar gidana a kan kujerar roba. Ta riga ta sa an haɗa kayan Tsohuwa a jaka: 'yan riguna, tawul, hular ulu. Gwangwanin madara sabo a kan tebur.

"To? Ta ƙaru?"

"Ba ta ƙaru ba, Hajiya," in ji ɗanta.

"Na faɗa. Miƙo ta, 'yar nan. Kada ki yi kuka, ba ƙwace ba ne, taimako ne."

Auta ta ja da baya har ta jingina da bango. Ta san dalili. Kalma ɗaya za ta faɗa ta wanke kanta. Amma kalmar sunana ce, kuma ni na raine ta. Ta rufe baki, ta ƙanƙame yarinyar.

Ku fahimce ni. Shekaruna sun kai inda ba a ce mini na yi kuskure. A unguwar nan in na ce bututu nan ya bi, nan ake haƙa. Kuma a gaban wa? A gaban matar da ta ce abin a jininmu yake. Na tsaya kamar turmi.

Sai mai aski ya matsa, ya shiga tsakanin uwarsa da matarsa.

"Hajiya, ba daga ita ba ne. Nas ta ce ba a ba yarinyar nono akai-akai ba, shi ya sa ya ragu. Kuma... ni ne. Ni na ce a riƙa ɗauke ta don uwar ta huta. Ni na kawo wannan shawarar. Ki yi faɗan da ni."

Hajiya ta saki baki. "Kai? Kai da ko riƙe ta ba ka iya ba? To, in haka ne gara ma in tafi da ita, tun da gidan ba mai hankali..."

Yaron da na hana zama a gidana. Yaron da yake tsayawa a bakin ƙofa da ledar lemo, in ce masa tana barci, ya juya. Shi ne ya ɗauki kayana ya ɗora a kansa, ko dubana bai yi ba don kada a gane.

Na iya ɗaukar abu da yawa. Ban iya barin wani ya biya mini abin da na fasa ba.

"Ƙarya yake yi."

Duk suka juyo.

"Ni ne. Ni na ɗauke ta. Ni na hana a ba ta. Na ɗauka taruwa yake yi. 'Yata tana da nono, uwarta ma tana da shi har ranar da ta bar duniya. Ni na rufe famfon, Hajiya. Ba ita ba, ba shi ba."

Na sunkuyar da kai.

Hajiya ta dube ni tun daga hula har takalmi. Na jira ta zuba. Tana da hakki. Sai ta sauke numfashi, ta zauna, kujerar ta yi ƙara.

"Malam, kai da injinka. An gaya mini kana kunna mata inji, na ce sharri ne." Ta girgiza kai. "Ni ma ban yi barci ba tun ranar da na ɗaga yarinyar nan. Na taɓa binne ɗaya mai irin wannan nauyin. Ɗan nan nawa bai sani ba, kafin shi ne."

Mai aski ya durƙusa a gefenta.

Ta miƙe, ta zuge jakar, ta zazzage 'yan rigunan a kan tebur.

"Jibi da ni za a je. Da idona zan ga sikelin. Gwangwanin nan kuma ba inda za shi, nan zai zauna. In nas ta ce a buɗe, a buɗe."

"In ta ce, za a buɗe," in ji Auta. Wannan ce maganarta ta farko tun asibiti. "Amma ni zan ba ta."

Hajiya ta dube ta, ta gyara mayafi, ta fita. Turarenta ya daɗe bai bi ta ba.

Na shiga shago na kashe injin. Na zare wayarsa daga bango, na naɗe. Da na fito mai aski yana bakin ƙofa, inda ya saba tsayawa, yana shirin sallama. Na ciro wayar Auta na miƙa masa.

"Kai mata. Akwai saƙonni."

Ya karɓa da hannu biyu.

"Ka shiga ka zauna. Tana bukatar mai miƙa mata ruwa da gyara filo. In gemun mutane zai jira, ya jira."

Ya dube ni da sauri. Ya gane na ji.

Yanzu ina zaune a tsakar gida. Tsohuwa ta dawo da kukanta, siriri, ba kamar na da ba, amma kuka ne. Duk sanda ta fara, ƙafata takan miƙe da kanta, sai in dafe gwiwa in zaunar da ita. Tawul ɗin yana rataye a ƙusa. Kafaɗata ba ta saba da rashin nauyi ba.

Ɗazu mai aski ya leƙo ta labule riƙe da kunzugu, yana murmushi kamar wanda ya ci gasa. "Baba, ya jiƙe!" Ɗaya ne tak. Ban sani ba ko ɗaya yana da yawa. Na daina cewa na sani.

Na ɗebo ruwa a babban kofi na kai bakin ƙofa, na yi gyaran murya. Hannun Auta ya fito ta gefen labule ya karɓa. Ba ta ɗaga labulen ba. Ba ta ce Baba ba.

Gwangwanin yana kan tebur, murfinsa a rufe, yana kallona. Sikeli yana jiranmu jibi. Amma ni, in gaya muku gaskiya, labulen nan nake jira.